Kare Motar da Aka Ajiye daga Ɓarnar Ɓeraye: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Motoci a Damagaram

Dalilai da yawa ne ke sa mota ta daɗe a tsaye a Damagaram. Wani ya tafi aikin hajji, wani an mayar da shi aiki Yamai ya bar motarsa a gidan iyaye, wani ɗan kasuwa ne da ke shafe watanni a waje, wata motar kuma jiran kayan gyara take yi daga Kano. Akwai kuma motocin shiga daji, irin su Land Cruiser da Hilux da ake shiryawa domin tafiyar Tanut da Agadas, da ƙananan bas da aka mayar motar kwana, aka sa musu gado da kabad da murhun gas da tankin ruwa. An fi ba da ƙarfi a nan ga motar kwana, domin ita ce ta fi yawan kafofin shiga da abubuwan da ke jawo ɓera, amma yawancin amsoshin sun shafi kowace mota da za ta yi makonni ba a tuƙa ta ba.

Me ɓera yake nema a cikin mota alhali babu abinci a cikinta?

Mafaka yake nema kafin abinci. Motar da ba a taɓawa wuri ne mai duhu da shiru wanda kyanwa da mujiya ba sa kaiwa gare shi, kuma cike take da kayan sheƙa: soson kujera, da audugar da ke ƙarƙashin kafet, da takardar filtar iska, da abin tare zafi da ake mannawa a cikin murfin inji. Macen da ke ɗauke da ciki ba ta buƙatar fiye da haka. Abinci kuwa daga waje take ɗauko shi, shi ya sa makanikai kan buɗe akwatin filtar iska su tarar da gero ko ɓawon gyaɗa a motar da ba a taɓa ɗaukar hatsi da ita ba.

Sannan cewa babu abinci a mota ba kasafai yake zama gaskiya ba. Abin da ƙaramin ɓeran gida ke ci a yini bai wuce kimanin giram 3 ba, kuma yana iya daɗewa bai sha ruwa ba muddin abincinsa yana da ɗan danshi. Ɓarɓashin ƙuli-ƙuli da ya faɗa tsakanin kujeru, da guntun dabino, da sukarin da ya zube wajen dafa shayi a hanya, sun ishe shi kwanaki da dama. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Waɗanne irin ɓeraye ne suka fi yin wannan ɓarna a yankinmu?

Jama'a kan haɗa su duka su ce ɓera ko kusu, amma bambanta su yana da amfani wajen zaɓen tarko da girman idon raga. Wanda ya fi yawa a gidaje shi ne wanda masana ke kira Mastomys natalensis, ɓera mai nonuwa da yawa, wanda macensa kan haifi ƴaƴa 10 zuwa 12 a ciki ɗaya, wani lokaci ma fiye. Binciken da aka yi a unguwannin Yamai ya nuna cewa shi ne ya mamaye gidajen mutane, yayin da baƙin ɓera mai doguwar wutsiya, Rattus rattus, ya fi zama a kasuwanni da ɗakunan ajiyar kaya, kuma manyan motocin dakon kaya suna cikin abubuwan da ke kai shi gari zuwa gari. Wannan ya shafi Damagaram, wato Zinder, kai tsaye, tunda mahaɗar hanyoyi ce: ta Yamai zuwa Diffa, da ta Agadas, da ta Kano. Baƙin ɓera gwanin hawa ne, yana bin reshe da waya da bango, saboda haka daga sama ma yana iya sauka a kan mota.

Ƙaramin ɓeran gida, Mus musculus, shi ne ya fi kowa iya kutsawa ta ƙaramar kafa. Cikinsa kwana 19 zuwa 21 ne, ƴaƴan kuma suna isa haihuwa cikin kimanin mako 6, don haka motar da aka rufe wata 4 tana iya zama da iyaye da ƴaƴa da jikoki a lokaci guda. Gafiya ta yi girman da ba ta shiga ɗakin mota da sauƙi, amma tana hawa wurin inji daga ƙasa. Jaɓa kuwa ba ta cikin dangin ɓera. Ƙwari take ci, kuma abin da ta fi damun mutane da shi wari ne.

Me ya sa wayoyin wuta suka fi shan ɓarna?

Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro har ya mutu, kuma gaigayar abubuwa ɗabi'arsa ce ko da a ƙoshe yake. Yana gaigayar waya domin ta tare masa hanya, ko domin ya yagi kaset da zanen da aka naɗe ta da su ya kai sheƙa. A Amurka an yi ta cewa robar wayoyin sababbin motoci, wadda ake haɗawa da sinadarin waken soya, ita ce ke jawo su, har wasu suka kai ƙara kotu, amma ɓeraye sun daɗe suna cin wayoyin motoci tun kafin a fara wannan haɗi. Mai tsohuwar mota kada ya saki jiki da wannan magana.

Bambancin tsohuwa da sabuwa yana wajen tsadar gyara. Tsohuwar mota mai gazuwal wayoyinta kaɗan ne kuma a fili suke, mai gyaran wuta yana iya gano yankakkiya cikin ɗan lokaci. Sabuwar mota kuwa kwamfuta ce ke sarrafa injinta, wayoyinta sirara ne a ɗaure cikin dami, kuma guda ɗaya da ta tsinke a bayan dashbod tana iya hana mota tashi har sai an kwance gabanta gaba ɗaya. Abin da ya fi wannan muni shi ne gobara: wayar da aka feɗe wa roba in ta taɓa ƙarfe tana yin tartsatsi, kuma sheƙar busasshiyar ciyawa da ke kan bututun hayaƙi tana kamawa da zarar inji ya yi zafi. Haɗarin gobara ta dalilin ɓera tsohon abu ne, domin ya zo a hadisi cewa a kashe fitila kafin a kwanta, saboda ɓera yana iya jan lagwani ya ƙone gida.

Ta ina suke shiga motar da aka rufe ƙofofinta da gilasanta?

Kafar da fensir zai shiga, wato milimita 6 zuwa 7, ta ishi ƙaramin ɓera. Babban ɓera kuwa kafa mai kimanin milimita 12 ta ishe shi, kuma in ta yi masa kaɗan zai faɗaɗa ta da haƙori. Hanyarsa ta farko ita ce taya: daga ita ya hau ƙarafan ƙasan mota, ya isa wurin inji, wanda a buɗe yake ta ƙasa kuma ba a iya rufe shi gaba ɗaya. Daga wurin inji zuwa ɗakin mota yana bin robobin da wayoyi da sandar sitiyari suka ratsa, da mashigar iska da ke ƙasan gilashin gaba. Ta baya kuma akwai kafofin fitar iska da ke ɓoye bayan bamba, da ramukan tsiyayar ruwa a mazaunin tayar sifiya, da wuraren da tsatsa ta huda. Robar ƙofa da rana ta busar har ta tsage ita ma hanya ce.

Motar kwana ta ƙara da nata: inda tiyon ruwa ya ratsa ƙasa, da inda bututun gas ya shiga, da ƙofar igiyar lantarki, da tagogin iskar firiji, da tagar rufi, da ƙananan ƙofofin ma'ajiyar kaya. Motocin da aka gyara a gida sun fi wannan matsala, domin mai aikin yakan huda rami ya fi bututun faɗi ya bar shi haka. Hanya mafi sauƙi ta gano kafofin ita ce a jira dare, a kunna fitila mai ƙarfi a cikin mota, a buɗe kabad-kabad, wani kuma ya duƙa daga waje yana duba inda haske ke fitowa. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Da me ake toshe kafofin?

Da abin da haƙori ba ya ci. Tsumma, da kwali, da soso, da leda, da katako mai laushi, duk kayan sheƙa ne aka miƙa masa. Kumfar da ake fesawa ta kumbura ta bushe tana hana iska da ƙura, amma ɓera yana huda ta idan ita kaɗai ce. Ƙananan kafofi ana cusa musu soson ƙarfe sosai sannan a shafe da silikon ko makamancinsa domin kada a janye shi. Wanda ba ya tsatsa ya fi, saboda na baƙin ƙarfe yana rugurgujewa bayan damina ɗaya ya ɓata fenti. Manyan kafofi ana rufe su da ragar ƙarfe wadda idonta bai wuce milimita 6 ba, ko da guntun kwano da aka ɗaure da kusa mai zare. Ragar sauro ta roba ba ta tsare komai a nan.

Akwai wuraren da ba a toshewa ruf. Tagogin firiji da kafar da ke ƙasan ma'ajiyar tukunyar gas an yi su ne domin iska ta wuce. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ta wannan kafar yake fita, saboda haka raga ake sa musu. Bakin salansa da mashigar iskar inji ana iya toshe su na lokacin ajiya, da sharaɗin a rubuta takarda a ɗaura a sitiyari tana tunatar da cewa an toshe su. Kafin a kashe mota a karo na ƙarshe kuma, a danna maɓallin da ke sa iska ta riƙa juyawa a cikin mota, domin a yawancin motoci yana rufe murfin da iskar waje ke shigowa ta cikinsa.

Wane wuri ne ya fi dacewa a ajiye motar?

Wannan tambaya ta fi ta magani muhimmanci, kuma ita aka fi yi wa sakaci. Ƙaramin ɓera ba ya nisa da sheƙarsa, yawonsa bai cika wuce mita 10 ba, babba kuma yakan kai mita 30 zuwa 50. Ma'ana, abin da ke kewaye da mota shi ke yanke hukuncin ko za a shige ta. A gidajenmu kuwa inda ake tura motar da ba a amfani da ita shi ne lungun da aka jibge kara da harawa, kusa da turken tumaki da buhunan dusa, ko gefen ɗakin da ake ajiye gero bayan kaka. Wannan shi ne wuri mafi muni a duk gidan. Haka nan filin da ke maƙwabtaka da juji, ko kwata, ko injin niƙa, ko shagunan hatsi na kusa da kasuwa irin ta Dole.

Abin da ake so shi ne daɓen siminti ko tsandauri mai tsafta, a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin mota da bango ta kowane gefe, babu ciyawa, babu tarin bulo ko tsofaffin tayoyi, kuma babu reshen bishiya ko igiyar shanya da ke taɓa rufinta. Ɓera yana ƙin ratsa fili. Wanda ke da hali yana iya sa maƙeri ya yi masa zobe na kwano mai santsi, tsayinsa santimita 50 zuwa 60, ya kewaye kowace taya da shi, gindinsa ya zauna daram a ƙasa ba tare da kafa ba. Zoben yana aiki ne kawai idan babu wata hanyar hawa, don haka a ɗage duk igiya ko sarƙa ko tsani da ya sauko daga mota zuwa ƙasa.

Akwai lokacin da ɓarnar ta fi yawa a shekara?

Akwai. Ɓerayen Sahel sun fi hayayyafa daga damina zuwa kaka, lokacin da ciyawa da hatsi suka wadata, sai yawansu ya kai ƙololuwa a farkon rani. Idan aka kwashe amfanin gona aka kawo gida suna biyo shi, kuma sanyin Disamba da Janairu yana tura su neman wuri mai ɗumi. Motar da za ta tsaya daga Oktoba zuwa Fabrairu ita ce ta fi bukatar kulawa. A damina kuma ruwa yana cika ramuka ya kore su zuwa tudu, ga ciyawa da ke tsirowa a ƙarƙashin mota cikin ƴan kwanaki, wadda ya kamata a riƙa nomewa.

Me ya kamata a kwashe daga cikin motar?

Duk abin ci, har da wanda ke cikin leda ko robar da aka rufe: shinkafa, taliya, garin kwaki, sukari, ganyen shayi, madarar gari, kayan yaji. Sabulu da man goge baki da kyandir ma suna ci. Sai kayan sheƙa: katifa in tana ciruwa, bargo, matashin kai, darduma, tabarma, takardu da kwalaye. Abin da dole ya zauna a sa shi cikin akwatin ƙarfe mai murfi. A wanke murhu da tukwane domin maiƙo, a share ƙarƙashin kujeru da tsagogin kushin, a zubar da ruwan tanki, a bar ƙofar firiji da na kabad a buɗe. Tukunyar gas a kwance ta a fitar, saboda tiyonta na roba yana cikin abubuwan da ake gaigaya. Idan babu wanda zai riƙa tuƙa motar, a cire wayar batir ta baƙin kai, wato mai alamar ragi. Hakan yana rage haɗarin tartsatsi, yana kuma rage zuƙewar cajin.

A lulluɓe ta da tamfol ko a bar ta a buɗe?

Tamfol yana kare fenti daga rana da ƙurar hunturu, amma yana ƙara duhu da ɓuya, kuma gefensa da ya taɓa ƙasa tsani ne. Rumfar kwano ta fi shi. Idan tamfol ɗin ne kaɗai ake da shi, a ɗaure shi ya tsaya sama da tsakiyar taya, a riƙa yaye shi duk lokacin dubawa.

Wasu suna cewa a bar murfin inji a ɗage. Gaskiya ne?

Yana taimakawa, domin haske da iska suna hana wurin zama maɓoya. Amma ya dace ne da garejin da ke da rufi da makulli. A tsakar gida ko a waje, ƙura da ruwan sama da hannun yara da masu sha'awar batir za su yi ɓarnar da ta kusa ta ɓera.

Kafur, da man na'a-na'a, da barkono, da na'urar da ke ƙara suna korarsu?

Ba abin dogaro ba ne, kuma illarsu ita ce suna sa mai mota ya ɗauka ya gama aiki. Ɓera yana iya kauce wa sabon wari na ƴan kwanaki, daga baya ya saba, musamman macen da ta riga ta yi sheƙa. Man na'a-na'a yana bushewa da sauri, balle a cikin motar da ke rufe a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin waje kansa ke haura digiri 40. Ƙwayoyin kafur na sa wa tufafi kuwa, yawancinsu sinadarin naftalin ne, warinsa yana kama kushin ya daɗe, yara suna ɗaukarsu a matsayin alewa, kuma yana fasa jajayen ƙwayoyin jini ga masu ƙarancin sinadarin G6PD, wanda larura ce ta gado da ta yawaita a Afirka ta Yamma. Bai kamata a zuba su a motar da za a kwana a ciki ba.

Na'urorin da ake cewa suna fitar da ƙarar da ɗan Adam ba ya ji, tun a 2001 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni fiye da 60 masu yin su da masu sayar da su da su kawo hujjar abin da suke iƙirari. Ƙarar ba ta ratsa kujera ko bango, ga shi kuma tana shan batir. Abu ɗaya mai ɗan amfani a wannan rukuni shi ne kaset mai sinadarin yajin barkono da kamfanin Honda ke sayarwa domin naɗe wayoyi. Yana kare wayar da aka naɗe, amma ba ya hana shiga mota.

To me ya hana a zuba guba a cikin motar a huta?

Dalilai uku ne. Na farko, guba abinci ce da aka haɗa domin ta jawo ɓera, don haka sa ta a cikin mota gayyata ce. Na biyu, irin da aka fi sayarwa, mai hana jini daskarewa, ba ta kisa nan take. Sai bayan kwana 3 zuwa 7, kuma a wannan lokaci ɓeran yana ci gaba da ɓarna, daga ƙarshe ya mutu a cikin bututun iska ko bayan dashbod inda hannu ba ya kaiwa, warinsa ya yi makonni. Na uku, gidajenmu cike suke da yara da kaji da zabi da awaki, kuma kyanwa ko mujiyar da ta ci ɓeran da ya sha guba ita ma tana iya mutuwa.

Idan ɓerayen sun yi yawan da tarko ya gaza, gubar a waje ake sa ta, a jikin bango, cikin akwati mai makulli da ƙaramar ƙofa. A sayi mai suna da bayani a jikin kwalinta, a guji garin da ake ƙullawa a leda ba suna, kuma ma'aikatan kare tsirrai na ma'aikatar gona suna iya ba da shawara kan wadda aka amince da ita. Idan yaro ya ci, a garzaya da shi asibiti tare da kwalin ko da yana wasa lafiya lau, domin alamun suna jinkiri. Irin mai hana daskarewar jini tana da makari, wato bitamin K1. Kada a tsaya ba shi madara ko mai ko a tilasta masa amai.

Akwai abin da ya wajaba a faɗa da babbar murya: ƙwayar da ake sa wa buhunan wake da hatsi, irin su Phostoxin, ba a sa ta a mota ko kaɗan. Da zarar ta sha danshin iska tana fitar da iskar fosfin, wadda ke kashe mutum kuma ba ta da makari. Mota ba ta riƙe iskar, tana sulalewa zuwa ɗakunan da ke kusa inda mutane ke barci. Ban da haka, fosfin yana cin jan ƙarfe, wato ainihin abin da aka yi wayoyi da na'urorin mota da shi, don haka mai wannan dabara yana lalata abin da yake ƙoƙarin karewa.

Yaya ake ɗana tarko ya yi aiki?

Tarko mai bugu shi ne mafi dacewa: yana kisa nan take, ana ganin abin da ya kama, kuma ba ya barin gawa a ɓoye. Ƙarami na ƙaramin ɓera ne, babba na babba. Ƙaramin tarko ba ya riƙe baƙin ɓera. Ana ɗana su da yawa lokaci guda, domin tarko ɗaya a gaban mota ba ya sanin abin da ke faruwa a bayanta. Ɓera jikin bango yake bi, saboda haka a kafa tarkon bakinsa yana fuskantar bango, a gindin kowace taya da jikin katangar da ke kusa. Abin ɗanawa ɗan kaɗan ne, kamar ƙwayar wake: tunkuza, ko ƙuli-ƙuli, ko guntun busasshen kifi da aka ɗaure da zare domin kada a sace shi. Babban ɓera yana tsoron sabon abu, don haka a bar tarkon da abinci kwana biyu ko uku ba a ɗana ba, sai ya saba sannan a ɗana.

A cikin mota ya fi kyau a ɗaura ɗan auduga maimakon abinci, domin mace mai neman kayan sheƙa tana zuwa gare shi, kuma ba shi da ƙanshin da zai jawo na waje. Tarkon da aka sa a wurin inji a ɗaure shi da waya, a rubuta shi a takardar nan ta sitiyari. Allon danƙo kuwa ba shi da kyau: ƙurar hunturu tana kashe danƙonsa cikin kwanaki, zafi yana narkar da shi a kan kafet, yana kama ƙadangaru da ƴan tsaki, kuma ɓeran da ya maƙale yana daɗewa cikin azaba yana fitsari. An halatta kashe ɓera, amma an umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa.

Kyanwa ba za ta wadatar ba?

Tana rage su a tsakar gida, kuma gidan da ke da ita ya fi wanda babu. Amma ba ta iya bin su cikin bututun iska, kuma ba a rufe ta a cikin mota. Ita kanta takan kwanta a wurin inji lokacin sanyi, don haka a bubbuga murfin kafin a tayar.

Sau nawa ya kamata a duba motar, kuma me mai dubawa zai yi?

Sau ɗaya a mako shi ne mafi ƙaranci, tarkuna kuma kullum a makon farko, daga baya duk kwana biyu ko uku saboda zafi yana ruɓar da gawa da wuri. A nan ne yawancin shiri ke rushewa. Mai tafiya yakan ce wa ƙanensa ko maigadi, "Don Allah ka riƙa duba mini motar nan," shi kuma ya riƙa kallonta daga nesa yana ganin tana nan lafiya. Ya kamata a ba shi makulli, a nuna masa yadda ake buɗe murfin inji, a zayyana masa aikin: ya buɗe ƙofofi duka, ya haska ƙarƙashin kujeru da cikin kabad, ya duba saman batir da akwatin filtar iska, ya sunsuna ko akwai zarnin fitsari, ya sabunta tarkuna, ya aiko da hoto ta waya. In maigadi ne, a ware masa wani abu na wannan aiki, domin ƙari ne a kan aikinsa.

Akwai dabara mai sauƙi da ba ta cin ko dala: a barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka kewaye da tayoyi da yamma, da safe a duba sawu. Idan akwai amintaccen direba kuma takardun mota suna aiki, tuƙa ta na minti 20 zuwa 30 a mako ya fi komai, domin motsi da ƙara suna hana sheƙa zama. Tayar da inji na minti biyar a tsaye ba ya cika batir, kuma a lokacin sanyi ɗumi kawai yake bar wa ɓera. Ba a barin inji yana aiki a cikin rufaffen gareji saboda hayaƙinsa yana kisa.

Idan an tarar sun riga sun shiga, yaya ake tsaftacewa?

Ba a fara da tsintsiya ba, kuma ba a hura iskar kwamfuresa, domin busasshen kashi da fitsari suna tashi cikin ƙura a shaƙe su. A buɗe ƙofofi duka a matsa gefe na minti 30. A sa safar hannu ta roba da takunkumi, a haɗa ruwan jabel kashi 1 da ruwa kashi 9, a jiƙa kashin da sheƙar da gawar, a jira minti 5, sannan a kwashe da tsumma ko takarda a ƙulle cikin leda biyu a binne da zurfi. Jabel yana cin launin kushin kuma yana sa ƙarfe tsatsa, don haka kujeru da sabulu da ruwan zafi ake wanke su a shanya a rana, mahaɗan wayoyi kuma ba a jiƙa su. Filtar iskar ɗaki a sauya ta. Katifar da fitsari ya ratsa a haƙura da ita. Kafin a sa hannu a kowane lungu a haska shi, domin inda ɓera ya yawaita maciji yana biyowa, kunama ma tana samun wurin ɓuya.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili. Mastomys natalensis shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma yana ɓulla kowace shekara a Najeriya, musamman da rani. Ana ɗaukarsa ta fitsari da kashin ɓera, alamunsa kuma suna iya kaiwa kwana 21 kafin su bayyana. Fitsarin ɓera yana kuma yaɗa cutar leptospirosis, kashinsa yana gurɓata abinci. Duk wanda zazzaɓi ya kama cikin mako uku bayan irin wannan aiki ya je asibiti ya faɗa wa likita abin da ya taɓa, kada ya tsaya ga maganin zazzaɓin sauro kaɗai.

Me za a duba kafin a tayar da motar bayan doguwar ajiya?

A fara da takardar sitiyari, a cire duk abin da aka toshe da tarkunan da ke wurin inji. A buɗe akwatin filtar iska a tabbatar babu hatsi ko sheƙa, domin inji yana iya zuƙe su. A bi wayoyi da ido da fitila, a duba tiyon mai da na ruwan lagireto da bel, a leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga, a taka birki a ji ko yana da ƙarfi. Sai a mayar da batir a murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, a lura da fitilun dashbod da ƙaurin roba. Fankar iska a kunna ta ƙofofi a buɗe. In ta yi ƙara ko girgiza, akwai abu a cikinta. A motar kwana a gwada mahaɗan gas da kumfar sabulu kafin a kunna murhu, a wanke tankin ruwa. Kada tafiyar farko ta zama ta Agadas. A zaga cikin gari tukuna, a sake buɗe murfin inji a duba.

Inshora tana biyan irin wannan ɓarna?

Inshorar dole da yawancin masu motoci ke yanka tana biyan ɓarnar da mota ta yi wa wasu ne, ba ta biyan abin da ya sami motar kanta. Mai cikakkiyar inshora ya karanta yarjejeniyarsa ko ya tambayi kamfanin kafin ya yi tafiya, domin wasu suna cire ɓarnar ɓeraye daga abin da suke ɗauka ko da sun ɗauki gobara. Idan yarjejeniyar ta ƙunsa, a ɗauki hotunan wayoyin da sheƙar kafin a share komai, a sanar da kamfanin cikin wa'adin da aka rubuta, kuma a karɓi rasit daga mai gyara.